Ƙidayar ƙaton ɓeran ƙasa a tsaunukan Bale: rajistar aikin fili

4 ga Nuwamba

An gama zaɓen filayen awo. Dabbar da ake bi ita ce ƙaton ɓeran ƙasa na tsaunukan Bale, a kudu maso gabashin Habasha, wanda masana ke kira Tachyoryctes macrocephalus. Masanin dabbobi Eduard Rüppell ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1842, kuma ba ya rayuwa ko'ina a duniya sai a waɗannan tsaunuka, daga tsayin mita 3,000 zuwa wajen 4,150. Babbansu yakan kusa kilo ɗaya. Jikinsa a dunƙule yake, wutsiya gajera, kunnen ya nutse cikin gashi, haƙoran gaba manya masu ruwan lemo suna waje ko bakin yana rufe, don da su yake haƙa. Idanunsa na can saman kai, shi ya sa yakan leƙo da ƙoƙon kai kaɗai ya duba ko'ina alhali sauran jikin na cikin rami.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Shi ne kuma babban abincin kyarkecin Habasha, Canis simensis, wanda fiye da rabin waɗanda suka rage a Bale suke. Duk wanda ke son sanin halin da kyarkecin ke ciki, dole ya san ko ɓeran nan na ƙaruwa ko yana raguwa. Matsalar ita ce hanyar da ta fi sauƙi, wato ƙirga ramuka da tulin ƙasa, ba ta ba da adadin dabbobi. Ɓera ɗaya yakan buɗe rami, ya cinye ciyawar da bakinsa ya kai a kewayen, ya toshe daga ciki, ya buɗe wani gaba kaɗan. Tsoffin alamu suna daɗewa ba su ɓace ba. Filin da ɓeraye suka bari tun bara zai iya fin wanda ke cike da su yau yawan tuli. Aikin wannan shekara shi ne a rarrabe alamar da ke nuna akwai rai a ƙasa yanzu da wadda tarihi ce kawai, sannan a auna yadda ta farkon ke daidaita da adadin da ido ya gani.

Filaye 12 ne: 6 a tudun Sanetti, sama da mita 4,000, 6 a kwarin Web, wajen mita 3,500. A kowane wuri an raba su uku: biyu a gajeriyar ciyawa inda tsiron Alchemilla ya shimfiɗu, biyu a bakin fadama, biyu a cikin tsiron Helichrysum mai toka-tokan ganye. Duk suna cikin gandun dajin Bale, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2023, don haka an fara da takardar izini daga hukumar kula da namun daji ta Habasha da sa hannun ofishin gandun a Dinsho. An zaɓi Nuwamba ne saboda rani a nan gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sauran wata takwas ɗin damina ce.

9 ga Nuwamba

Shata filaye. Kowanne mita 50 ne a tsaye da kwance, wato rubu'in hekta, an yanka shi gida 25 masu mita 10 kowane gefe. Kayan fili ɗaya: rodi huɗu masu tsawon santimita 60 na kusurwa, turakun katako 32 na sauran mahaɗai, tef na mita 50 guda biyu, igiyar nailan mita 600, kamfas, guduma.

Ana kafa kusurwar farko, a ja gefe ɗaya zuwa arewa da kamfas, a fitar da daidaitacciyar kusurwa da alwatika mai gefen mita 3, 4 da 5. Idan an rufe filin sai a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta: mita 70.7 ya kamata ya bayar. In kuskuren ya haura santimita 30 a sake, domin duk taswirar da za a zana daga baya a kan wannan layin za ta zauna. A nisanta kamfas daga rodi yayin karatu, ƙarfen yana karkatar da allurar.

Igiyar ba ta kwana a fili. Ana ja ta ranar ƙidaya, a naɗe da yamma. In an bar ta, shanu na sarƙewa da ita su tumɓuke turaku.

Abin da za a kiyaye wajen buga turke: hanyoyin da ɓeran ke bi zuwa kiwo ba su da zurfi. In guduma ta sa turke ya zurma da bugu ɗaya, an huda rufin hanya ke nan. A cire, a liƙe hujin da ƙasa, a matsa santimita 20, a rubuta matsawar a takarda. Tafiya a cikin filin ma a kan layin igiya kaɗai ake yi, don inda ɓerayen suka yi yawa ƙasar ta zama kamar gonar da aka yi wa kaftu, ƙafa na rufta hanyoyi ba tare da an ankara ba.

18 ga Nuwamba

An tsayar da rabon alamu bayan zagayen gwaji a duk filayen. Huɗu ne:

Buɗaɗɗen rami, wanda ake ganin duhun cikinsa.
Sabuwar toshiya, wato bakin ramin da aka cushe daga ciki da ƙasa mai laima, daidai da fuskar ƙasa ko ta ɗan loɓa, da ciyawar kewayenta an aske ta tas a zagaye.
Tsohuwar toshiya, wadda ta bushe ta yi ɓawo, wani lokaci har tsiro ya fara fitowa a kai.
Tulin ƙasa, da tarin ruɓaɓɓiyar ciyawa haɗe da kashi da ɓeran ke turowa waje in ya share makwancinsa.

Buɗaɗɗen rami shi ne ya fi ruɗi. Ba ƙaton ɓeran kaɗai ke zaune a waɗannan filaye ba. Akwai ƙananan ɓeraye, musamman Arvicanthis blicki da Lophuromys melanonyx, masu yawan gaske, kuma suna shiga tsoffin hanyoyin da ƙaton ya bari. Faɗin bakin ramin ba ya isa a rarrabe, tunda ramin asali na ƙaton ne, mai haya ne ya sauya.

Abin da ya raba gardama shi ne ɗabi'ar dabbar. Ƙaton ɓeran ƙasa da rana yake fita, kuma kafin dare yakan toshe ramukansa, saboda sanyi da kuma masu farauta. Ƙananan ba sa toshewa. Saboda haka aka mai da ƙidaya sau biyu a rana ɗaya. Zagayen farko da asuba, kafin rana ta taɓa filin: duk ramin da aka tarar a buɗe a sa masa alama, na ƙananan ɓeraye ne ko kango. Zagaye na biyu tsakanin ƙarfe 12 da 1 na rana: duk ramin da yake a buɗe yanzu amma ba shi da alamar asuba, da duk sabuwar toshiyar da ba ta nan da safe, aikin ƙaton ne na yau ɗin nan. Wannan adadin kaɗai ake ɗauka a matsayin shaidar rai. Sauran ana rubuta su ne don a ga yadda fili ke tsufa.

Hanyar ta ninka aiki, kuma zagayen asuba a tsayin mita 4,000 ba wasa ba ne, yatsu na sandarewa har fensir ya gagara riƙuwa. Amma ƙidayar da aka yi sau ɗaya a rana tana haɗa ramukan dabbobi uku wuri guda, kuma babu lissafin da zai raba su daga baya. Biro ba ya rubutu a wannan sanyi, fensir ake amfani da shi, a kan takardar da ruwa ba ya jiƙa.

27 ga Nuwamba

Tsinken gora masu fenti da aka fara sa alama da su ba su yi ba. Shanu da dawakai na take su, iska na kwantar da waɗanda ke cikin sassauƙar ƙasa, ɓeran kansa in ya turo ƙasa yakan binne su. An koma ƙusa mai inci 6 da aka soke ta cikin ɗan faifan alminiyam mai lamba, a buga ta har ta kwanta daidai da ƙasa, santimita 15 arewa da bakin ramin, kullum arewa, don wanda ya zo daga baya ya san ramin da ake nufi.

GPS na hannu bai dace da wannan taswira ba. Kuskurensa yakan kai mita 3 zuwa 5, ramukan kuwa sau da yawa tazararsu ba ta kai mita ɗaya ba. Ana amfani da shi don gano kusurwar fili kawai. Kowane rami ana rubuta gidansa, da nisansa daga igiyar yamma da ta kudu, da tef.

6 ga Disamba

Sanyin dare ya kankama a Sanetti, kuma ya kawo wata matsala. In sama ta yi garau da dare, laimar da ke cikin ƙasa na daskarewa ta fito tsinke-tsinke na ƙanƙara, tana ɗaga ɓawon ƙasa sama. Rana na fitowa ƙanƙarar ta narke, ta bar ƙasar a warwatse, baƙa, da laima. Tsohuwar toshiya ta wata biyu sai ta yi kama da ta jiya. Wannan ya fi faruwa a kan tsiraran tuli inda babu ciyawa, wato daidai inda ake dubawa.

Launi da laushi ba su isa shaida ba ke nan. An ƙara sharuɗɗa biyu kafin a kira toshiya sabuwa. Na farko, ciyawar kewaye: in ɓeran ya ci jiya ko yau, bakin yankan kore ne shar, in ya kwana uku ko huɗu ya yi ja ya bushe. Na biyu, a tura ɗan sanda mai kaurin fensir a hankali: sabuwar toshiya tana da tauri iri ɗaya har ciki saboda dannar da ya yi mata, wadda ƙanƙara ta ɗaga kuwa sama-sama ce ta yi laushi, ƙasanta busasshe ne. Ba a tura sandan ya wuce santimita 5, kada a buɗe masa ƙofa.

An ware takardun Sanetti na makon da ya wuce, za a sake zagayen da sabbin sharuɗɗan. Na Web ba su shafu sosai ba.

15 ga Disamba

An fara zaman kallo, wanda shi ne ma'aunin da za a gwada ƙidayar ramuka da shi. Mutum biyu ga fili ɗaya, a kusurwoyi biyu masu kallon juna, mita 30 zuwa 40 daga gefen filin, a kan dutse ko ɗan tudu, da madubin hangen nesa mai ƙara girma ninki 8 ko 10. A zauna kafin ƙarfe 8, ba a fara rubutu sai an yi minti 30, domin takun ƙafa na sa su lafe. Daga nan kowane minti 5 a share filin da ido daga hagu zuwa dama, a rubuta gidan da aka ga kai ya fito. Ana tashi ƙarfe 5.

Ba ya fitowa da sassafe. Sai ƙanƙara ta narke, ƙasa ta ɗan ɗumama, sannan a ga toshiya na motsi, ƙasa ta zube ciki, idanu su bayyana. Yakan daɗe a haka yana dubawa. In ya yarda da wurin sai ya miƙo rabin jiki, ƙafafun baya na cikin rami, ya tsinki ciyawa cike da baki, ya ja da baya ya shige. Fitowa ɗaya ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Binciken da aka yi da na'urar rediyo a wuyansu ya nuna cewa in aka haɗa duk fitowarsa ta yini, wajen awa ɗaya ce kawai. Shi ya sa adadin da aka gani a shara ɗaya kullum ƙasa yake da gaskiya. Abin da ake ɗauka shi ne adadi mafi yawa da aka gani a lokaci guda cikin yinin, a matsayin mafi ƙarancin abin da ke filin, sannan a haɗa da taswira. Ɓeran nan zaman kaɗaici yake yi, kowa da gidansa, kuma yankinsa ƙarami ne, wajen murabba'in mita 100, daidai da gida ɗaya na filinmu. Kai biyu da suka fito lokaci guda dabbobi biyu ne babu tantama. Kai ɗaya a nan yanzu, wani mita 3 gaba bayan minti 10, a ɗauke shi ɗaya sai an ga akasi.

Akwai mai taimako da ba a sa shi a tsari ba. Wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa, Pinarochroa sordida, yana bin ɓeran yana tsintar ƙwari a sabuwar ƙasar da ya turo. Inda ya sauka ya tsaya yana jira, da wuya a rasa rami mai aiki. An daɗe da lura cewa in tsuntsun ya yi kukan gargaɗi ɓeran na faɗawa rami nan take. An ƙara layi a takarda don rubuta saukarsa, da wucewar kyarkeci ko shaho, saboda bayan kowane wucewa filin kan yi tsit na ɗan lokaci, kuma sharar da ta faɗa cikin wannan tsit ba za a haɗa ta da sauran ba.

Mutum ɗaya ba ya wuce awa 3 a jere a kan madubi. Ido na gajiya, hasken rana a wannan tsayi mai zafi ne, kuma gajiyayyen ido ya fi rasa kan da ya fito daƙiƙa biyar.

29 ga Disamba

Kyamarori shida da aka kafa don rage zaman kallo ba su ba da abin da ake so ba a yadda aka fara saita su. Dalilai uku ne. Idon kyamarar yana jin bambancin zafi ne tsakanin dabba da abin da ke bayanta, da rana kuwa ƙasar na yin zafi har ta kusa zafin jikin ɓeran, ga gashinsa a lulluɓe da ƙura, ga shi kai kaɗai yake fitarwa. Sai ya fito ya koma kyamara ba ta farka ba. Na biyu, ciyawar da iska ke kaɗawa a rana na tayar da ita a banza, kati ya cika da hotunan wofi. Na uku, wanda ya fi duka: an auna kyamara a rami ɗaya, washegari ɓeran ya toshe shi ya koma wani da ke wajen hoton.

An kashe idon motsi gaba ɗaya, an mai da su ɗaukar hoto a kan lokaci: kowace daƙiƙa 30, daga ƙarfe 8 zuwa 5. Hoto 1,080 ke nan a rana. In kowanne ya kai megabayit 2, katin gigabayit 32 zai yi mako biyu. An ɗaga su kan sanda mai mita 2.5, a karkace ƙasa, suna kallon kudu ko arewa don kada rana ta haske gilashin safe da yamma. A haka kowace na rufe gida ɗaya da ɗan gefen maƙwabtansa.

Batirin alkalin na mutuwa da wuri a sanyin dare ko da bai ƙare ba, an koma na litiyam. Raɓa na taruwa a cikin gilashi in an buɗe akwatin da safe, don haka canjin kati da tsakar rana ake yi, a sa ƙullin silika biyu masu tsotse laima a ciki, a sauya su duk zuwa.

8 ga Janairu

An sauke sandunan kyamara na wucin gadi. A fili mara bishiya, sanda mai mita 2.5 mazauni ne ga shaho, kuma hotuna sun nuna inuwarsa a kan gidajen da ake kallo. Wannan na ɓata ƙidaya, tunda ɓeran ba zai fito yadda ya saba ba, kuma ya fi haka muni: kayan aikinmu na ba mafarauci damar da ba shi da ita a kan dabbar da ake ƙoƙarin karewa. An ɗaure wayoyi masu tsini shida a saman kowace sanda da kan akwatin kyamarar kafin a mayar. Hotunan kwanakin da abin ya shafa an ware su.

20 ga Janairu

An ciro ma'aunan zafi na zagayen farko da aka binne a filayen. Ƙanana ne masu girman maɓalli, kowanne na ajiye karatu 2,048. In an saita shi kowane minti 30, karatu 48 a rana, kwana 42 ke cika shi, daga nan ko ya tsaya ko ya fara goge na farko, ya danganta da saiti. A duba wannan saitin kafin a binne.

Waɗanda aka zura cikin hanyar ɓeran kai tsaye ba su daɗe ba. Ba ya barin baƙon abu a hanyarsa: wasu ya turo su waje da ƙasa, wasu ya toshe hanyar gaba da baya ya bar su a kango, karatunsu ya zama na ƙasa kawai. Yanzu ana huda rami da ƙarfen huda ƙasa, mita ɗaya daga hanya mai aiki, a jera ma'aunai a jikin sandar roba a zurfin santimita 5, 15, 30 da 50, a mayar da ƙasar yadda aka ciro ta, ta ƙasa a ƙasa, ta sama a sama. Ɗaya kuma a sama cikin inuwar farin murfi mai huji, santimita 10 daga ƙasa. Ma'aunan ba sa jure laima na dogon lokaci, sai an tsoma su cikin kakin kyandir sau biyu kafin a binne. Biyu da ba a yi wa haka ba sun yi tsatsa, bayanansu sun tafi.

Abin da karatun ya nuna ya yi daidai da abin da ake gani a zaman kallo. A sama, zafi na faɗuwa ƙasa da sifili da dare ya haura sosai da rana. A santimita 15 hawa da saukar sun ragu ƙwarai kuma suna zuwa a makare. A santimita 50 layin kusan a miƙe yake. Toshiyar da ɓeran ke yi da yamma ita ce ke hana iskar dare shiga wannan ɗumi, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba a yarda kowa ya buɗe toshiya bayan ƙarfe 3 ba, ko don awo.

3 ga Fabrairu

Taswirar filayen bakin fadama ta fara nuna motsi. Gidajen da ke can sama, inda ciyawa ta bushe, sabbin toshiya sun ragu a cikinsu, gidajen da ke gefen ruwa, waɗanda a Nuwamba caɓi ne ba ya haƙuwa, yanzu su ne ke cike da sabon aiki. Ruwa na ja da baya, ɓerayen na bin koren da ya bari. A filayen Helichrysum alamu kaɗan ne tun farko kuma ba su sauya ba.

Wannan na da illa ga ƙidaya. In fili ya tsaya a gefen sama kawai, raguwar ramuka za ta yi kama da mutuwa alhali ƙaura ce ta 'yan mitoci. An ƙara wa kowane filin fadama jeri biyu na gidaje ta gefen ruwa, mita 20 ke nan, ana lissafinsu daban don kada a ɓata kwatancen da watannin baya.

Awon ciyawa: a gidaje 5 na kowane fili, a ajiye firam mai mita ɗaya, a ƙiyasta kason da Alchemilla, ciyawa, sauran tsiro da tsiraran ƙasa suka rufe. Sai a yanke duk koren da ke cikin ƙaramin firam na santimita 25 daidai da ƙasa, a sa a jakar takarda. Leda na sa shi gumi ya yi fumfuna kafin a sauka daga tudu. Busarwa a digiri 60 na awa 48, sannan a auna. Laimar ƙasa: giram 100 daga zurfin santimita 15, a gwangwani mai murfi, a auna a ranar, a busar a digiri 105 na awa 24, a sake aunawa.

14 ga Fabrairu

An ƙara alama ta biyar a takarda: tonon kyarkeci. Ba ya ɓuya, rami ne mai faɗi, ƙasar a watse gefe ɗaya, da sawun farce. Mafi yawan farautarsa laɓe ne, ya kwanta ya matso a hankali ya jira ɓeran ya miƙo jiki, amma yakan tona. Ana rubuta ko an ga sabuwar toshiya a wannan gida cikin kwana 3 da suka biyo baya.

Kiwo ana auna shi da kashin shanu, dawakai da tumaki a kowane gida, a ƙirga a kwashe don kada a maimaita. Filayen Web sun fi na Sanetti dabbobi nesa ba kusa ba. Lamarin ba mai fuska ɗaya ba ne: ɓeran na son gajeriyar ciyawa inda yake ganin nesa, kuma kiwo na gajarta ta, amma abincinsu ɗaya da dabbobin, kofato kuma na rufta hanyoyi. An fara rubuta ruftawar daban da kashin.

Zaman mutane da wannan dabba ba sabon abu ba ne. A kogon Fincha Habera, a tsayin mita 3,469 cikin tsaunukan nan, binciken da aka buga a 2019 ya nuna mutane sun zauna tsakanin shekara 47,000 zuwa 31,000 da suka wuce, kuma mafi yawan ƙasusuwan abincin da aka tono na ƙaton ɓeran nan ne, da alamar gashi a wuta. Abin da ya sauya a zamanin nan shi ne yawan dabbobin kiwo da daɗewarsu a kan tudu.

2 ga Maris

An yanke shawarar ba za a kama ko ɗaya ba a wannan zagaye. Tarkon akwati da ake kama ƙananan ɓeraye da shi ba ya aiki a nan, ɓeran na cika shi da ƙasa kamar yadda yake yi wa duk abin da ya tare masa hanya. Sa na'urar rediyo na buƙatar izini daban, da likitan dabbobi, da abin wuya da bai wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin dabbar ba, kuma wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya ne, abin wuyan ko ya zame ko ya shaƙe. Tambayar wannan shekara taswira da ido na iya amsa ta. An ɗage batun zuwa bayan an gama kwatanta ƙidayar ramuka da zaman kallo a duk filaye 12.

21 ga Maris

Ruwan farko ya sauka, sharuɗɗan rani sun fara lalacewa. Duk ƙasa ta yi baƙi, yayyafi na lallashe bakin toshiya cikin awa ɗaya, ciyawar da aka aske na sake tsirowa da sauri. Zagayen asuba da na rana shi kaɗai ya rage da amfani, tunda bai dogara da launi ba. An ƙara masa mataki ɗaya: da asuba a barbaɗa cokali ɗaya na farin yashi a kan kowace toshiyar da ke da lamba, da rana a duba wadda yashinta ya tarwatse. In an yi ruwa mai ƙarfi tsakanin zagayen biyu, ranar ta faɗi, a sake.

Hazo na rufe Sanetti da rana, sau da yawa mita 40 ba ta ganuwa. Duk sharar da ba a iya ganin turken kusurwa mafi nisa ba ana soke ta, kuma yinin da fiye da kashi ɗaya cikin uku na shararsa suka soke ba ya shiga lissafi. Kyamarori na fama da abu ɗaya, ga ɗigon ruwa a gilashi, an yi musu rumfa da yankin bututun roba mai santimita 12.

Jerin gidaje biyu da aka ƙara ta gefen fadama sun fara jiƙa. An kafa bututu mai huji-huji, tsawon santimita 80, a kowane jeri don auna tashin ruwan ƙasa duk mako, domin a ga zurfin da ruwa ke kaiwa kafin sabbin toshiya su koma gidajen sama. Za a ciro ma'aunan zafi na zagaye na uku ranar 12 ga Afrilu, a sake musu kaki, kuma daga yanzu ƙidaya za ta zama sau ɗaya a mako biyu maimakon kowane mako, saboda taku a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi rufta hanyoyi.